Jan Biron Sixten

Koren kek ɗin yana tsakiyar tebur ba a yanka ba, kowa riƙe da kofin gahawarsa, ana jiran Tuva ta fara karatu. Ta taga ana hango tashar jiragen ruwan yaƙi ta garin Karlskrona, ruwan sama na dukan bayan wani jirgi mai nutso da aka fito da shi gyara.

Al'adar ofishin ke nan. Aikinsu shi ne rubuta littattafan da sojojin ruwa ke bi wajen ɗora makamai da gyara su, don haka duk wanda zai yi ritaya sai a rubuta masa nasa littafin, tamkar shi ma inji ne: yadda ake tayar da shi, man da yake sha, abin da ke sa shi gardama. A karanta, a sha dariya, a ci kek, a sallame shi. Wanda ya fi kusa da mai tafiyar shi ake ɗora wa rubutun, kuma da aka zo kan Sixten ko shawara ba a yi ba aka miƙa wa Tuva. Wa ya fi ta cancanta? Shi ya ɗauke ta aiki, shi ya yi shekaru yana yi wa takardunta jina-jina da jan bironsa har hannunta ya faɗa.

Abin da masu jiran kek ba su sani ba, ita ce silar tafiyarsa.

Tun bara ta fara ganin ɓaraka a aikinsa. Nan ya maimaita layi, can ya tsallake wani. Ta riƙa gyarawa a ɓoye, ba ta ce masa uffan ba. Sai ranar da ta buɗe babin ɗora topido, makamin jirgi mai nutso, a bututun harbi, ta tarar babu matakin zura sakatar kariya. Da babin ya fita a haka, wani ɗan mutane ne zai bi shi layi-layi a ƙarƙashin teku, hannunsa a kan makami. Sixten na zaune a gabanta yana ɓare lemo, kusa da ita har in ta miƙa hannu za ta iya taɓa kafaɗarsa. Amma sai ta tattara takardun, ta bi ta bayansa, ta shiga ofishin Rolf shugaban sashe ta rufe ƙofa. Daga nan aka tura shi ganin likita, likita ya ce mantuwa ce irin wadda ba ta warkewa, kamfani kuma ya lulluɓe abin da sunan ritayar ganin dama. Rolf ya yi mata alkawarin babu mai jin sunanta. Teburin Sixten na bakin taga ma ita aka ce za ta gada.

Ta sha gaya wa kanta daidai ta yi. Daidai ɗin ne kuwa. Sai dai hakan bai hana ta sauya hanya ba duk sa'ad da ta hango shi tafe.

Ta gyara murya. "Mataki na farko: a gaishe da Sixten da safe. Gargaɗi: kada a kuskura a yi hakan kafin ya sha gahawa."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Gunvor, matar Sixten, har da share hawaye. Shi kuwa gogan yana zaune cikin tsohuwar rigar sanyinsa, yana gyaɗa kai kamar mai sauraron shari'ar wani. Tuva ta karanta yadda ake adana shi nesa da injiniyoyi, da yadda ba a gano maɓallin kashe shi ba idan ya fara labarin kamun kifi. Muryarta ce ke fita, amma ita ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Tana rufe littafin Pelle mai zanen hotuna, wanda ba ya son ganin wuri ya yi shiru, ya ce, "A'a, ina babin lalacewa da gyara? Ai shi muke jira. Ko tsohon ya toshe miki baki ne?"

Rolf ya zuba wa kofinsa ido. Murmushin Gunvor ya ɗauke.

"Ba a taɓa samun matsala a wannan samfurin ba," in ji Tuva.

Aka yi tafi, wasu har da cewa kai, yarinyar nan ta san halacci. Tafin nan ya fi mata mari zafi.

Saura abu guda a al'adar: mai littafi ya duba, ya sa hannu. Ana hidimar yanka kek Sixten ya yafito ta zuwa bakin taga, ya zaro jan biron daga aljihu, ya buɗe shafin farko ya zagaye layi biyu.

"Me na koya miki ranar da kika zo, yarinya?"

"Gargaɗi kafin mataki."

"Saboda me?"

"Wanda ya riga ya sa hannu a inji, gargaɗi ba ya amfanarsa."

"To, ashe kin riƙe." Ya rage murya, idonsa a kan takardar. "Maganar sakatar nan. Da ni na gani a aikin wani, ni ma ba zan kwana da ita ba. Daina hararar Rolf, ba shi ya faɗa ba. Na ga wucewarki ta bayana da babina a hannu. Abubuwa da yawa suna zube mini daga kai yanzu, wannan dai ya ƙi zubewa."

Ta tanadi hujjoji tun bara, ta jera su tsaf kamar matakan aiki, amma ta nemi ko ɗaya ta rasa.

"Da kin taɓa kafaɗata tukuna," ya ce. "Da ni zan shiga ofishin nan da ƙafata. Iyakar abin da na so ke nan."

Ya juya shafin ƙarshe. A gurbin sa hannu ya rubuta abin da ya saba rubuta mata tana sabuwa: a gyara, a dawo da shi. Ya miƙa mata, ya koma cikin mutane ya karɓi kek ɗinsa, har ya tsokani Pelle a kan tumbinsa.

Da aka watse Gunvor ta taya shi sa kwat, ta riƙe hannunsa suka sauka. Tuva ta koma bakin taga don ɗaukar littafin da ta ajiye a can, sai ta ga jan biron a kan teburin da zai zama nata, a ajiye daidai tsakiya. Ko bar mata ya yi, ko mantawa ya yi, ba ta da hanyar sani sai ta tambaye shi ido da ido.

A ƙasa suna ratsa farfajiya a hankali ƙarƙashin lema ɗaya. In ta yi sauri za ta cim musu kafin su kai ƙofa. Ta tsaya da biron a hannu, tana kallon kafaɗarsa.