Ƙarfen Baba Jaji Mai Lamba Sha Huɗu

A ranin 1984 ne Injiniya Abdussalam, shugabanmu a ofishin ruwan noman rani da ke bayan Kura, ya dawo daga kwas da sabon tsari. Ya sa kafinta ya yi masa ƙaton allo, aka buga ƙusoshi layi biyu, ɗaya ja, ɗaya kore. Kowane mai tsaron ƙofar ruwa aka ba shi ɗan ƙarfe mai lambarsa. Da safe in za ka fita ka rataye shi a jan layi, da yamma in ka taso ka mai da shi kore. Wai da kallo ɗaya an san wanda ke bakin aiki da wanda ya koma gida.

Ni ne helma, mutum goma sha shida a hannuna. Ni aka ce in gwada allon wata uku in rubuta rahoto. In ya yi kyau a kai shi sauran sassa, ni kuma a ɗaga ni. Wallahi na so abin nan. Da can kullum sai mun taru a gindin mangwaro, a gaisa, a tambayi mutan gida, a yi ta zuba har rana ta take, ni kuwa ba abin da ke ƙona mini rai kamar ɓata lokaci. Allo na zuwa taro ya mutu. Kowa ya zo a lokacin da ya ga dama, ya juya ƙarfensa ya kama gabansa, wani sai ya yi sati bai ga wani ba.

Baba Jaji shi ke da lamba sha huɗu. Ƙofarsa ce ta can ƙarshe wajen Bunkure, inda ba gida ba rumfa. Aminin mahaifina ne, ya haura sittin. Wata safiya na gan shi ya sauko daga keke yana haki, rigarsa sharkaf, don kawai ya taɓa wani ƙarfe ya juya. Kunya ta kama ni.

Na ce, "Haba Baba, ina nan a zaune kana wannan wahala? Daga yau ka wuce ƙofarka kai tsaye, ni zan riƙa juya maka."

Ya ce, "To in Injiniya ya ji fa, Sammani?"

Na ce, "Wa zai gaya masa?"

Ya yi dariya, ya sa mini albarka har sau biyu. Wata biyu ina yi masa, safe da yamma, ban taɓa mantawa ba.

Wata Talata na rataye ƙarfensa a ja, na tafi Kadawa ɗauko kayan gyara. Ina can 'yarsa Raliya ta zo ofis. Ita ce ke koyar da matan unguwarsu karatu a zauren gidansu. Ta ce wa Injiniya Baba bai kwana a gida ba. Injiniya ya kai ta gaban allo, ya nuna mata da biro. Ya ce jiya da yamma ƙarfen yana kore, yau ga shi a ja, ke nan da ƙafarsa ya zo sau biyu, wataƙila gidan ƙaninsa ya kwana. Ta yi godiya ta koma. Ba wanda ya gaya mini, tunda a ganinsu magana ta ƙare. Na dawo da la'asar na mai da ƙarfen kore. Laraba da safe na mai da shi ja.

Da azahar manoma suka zo suna kumfar baki, ruwa ya cinye musu tumatir, ƙofa ta sha huɗu a buɗe take tun shekaranjiya. Muka hau mota.

Kekensa na jingine da bishiya. Shi kuwa yana ƙasan matakalar ƙofar cikin ciyawa, ƙafarsa a karye. Ya yi ta jan jiki, ga sawun nan a laka ya fi taku goma, yana neman hawowa inda za a gan shi. Da na taɓa wuyansa akwai sauran ɗumi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wannan ɗumin har yau yana tafin hannuna.

Bayan sadakar uku magana ta tashi. Mutum yana kwance a rami tun Litinin, to wa ke juya masa ƙarfe? Ma'aikata suka ƙi kusantar allon, sai su tsaya daga baranda suna leƙe. Wasu suka ce fatalwarsa ce ta riga shi fita. Wasu marasa tsoron Allah suka ce dama shirun nan nasa ba banza ba, aljanu ke masa aiki. Mutumin da ban taɓa ganin sallah ta wuce shi ba! Matan unguwa suka daina zuwa karatu wajen Raliya, ɗaya bayan ɗaya, har zauren ya zama ba kowa.

Ni kuwa na yi gum. Tsoro nake ji, ba wani abu ba. Injiniya ya ce duk camfi ne, ya cire ƙarfen ya jefa a durowata, ya ce ranar Juma'a yake son rahoto. Na zauna na rubuta cewa allo ya rage ɓata lokaci, na kasa ƙara layi ɗaya. Kullum la'asar ta yi sai in farga ina tsaye gaban allo, hannuna a kan ƙusar da ba komai. Ko keken wa ya shigo harabar sai gabana ya faɗi.

Ranar Alhamis Raliya ta shigo. Ta rame. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe ni.

Ta ce, "Yaya Sammani, ni na san mahaifina ba shi da aljani ko ɗaya. Amma in ba shi ba ne, to mutum ne. Abu ɗaya nake so in sani. Ranar Talatar da na zo nan aka ce in koma gida, yana da rai?"

Na ce, "Yana da rai."

Na buɗe durowa na ɗauko ƙarfen na ajiye a kan tebur.

Na ce, "Ni nake juya masa, Raliya. Tun wata biyu. Don in hutar da shi na yi."

"Har ranar Talatar?"

"Har Laraba da safe."

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta miƙe ta gyara mayafinta, ta ce, "Ba ni kaɗai za ka gaya wa ba. A gari aka ɓata masa suna." Ta fita ta bar ƙarfen a inda yake.

Washegari bayan an idar da Juma'a na miƙe a masallacin unguwarsu na faɗa, da bakina, ƙanin Baba Jaji na zaune a sahun gaba. Rahoton kuma na rubuta shi yadda abin ya faru. Na ce shi allon nan ƙarfe kawai yake gani, in za a bar shi to a dawo da taron gindin mangwaro, a riƙa ganin fuskar kowa. Taron dai bai dawo ba. Ni aka sauke daga helma, aka tura ni ƙofar da ba mai so, aka miƙo mini lamba sha huɗu.

Matan sun koma karatu. Raliya na amsa gaisuwata in mun haɗu, amma ba ta ƙara ce mini Yaya ba.

Shekara huɗu ke nan ina taka keke zuwa ofis sau biyu a rana, in wuce matakalar nan ban kalli ƙasanta ba. Jiya sabon helma ya gan ni ina haki, mutumin kirki ne, ya ce, "Malam Sammani, ka huta mana, ni sai in riƙa juya maka."

Na daka masa tsawar da har masinja ya leƙo. Na ba shi haƙuri daga baya, na rataye ƙarfena da hannuna, na hau keke.