Maganar Lemuel Pickens

Tebura huɗu aka jera a zauren wasanni na sakandaren garin, kowanne ɗauke da huluna hana-sallah masu tambarin jami'o'i. Bisa al'adar ranar sa hannu kan gurbin jami'a, duk yaron da ya gwanance a ƙwallon zari-ruga zai zauna gaban jama'a, ya ɗauki hular jami'ar da ya zaɓa ya ɗora a kansa. Lemuel Pickens, da ke zaune can baya, ya san biyar aka so jerawa. Na biyar na jikansa Tavion ne.

A shekarar 1966 ba a yi mai gudun Lemuel ba a duk yankin audugar nan, amma a zamanin babbar jami'ar da ke arewa da su ba ta sanya wa baƙar fata rigar 'yan wasanta. Ya ƙare a injin gurzar auduga. Saboda haka ranar da Koci Harlan na wannan jami'ar ya hau barandarsa, ya ci soyayyiyar tarwaɗa da burodin masara har ya nemi ƙari, sannan ya yi wa Tavion tayin gurbin karatu kyauta, tsohon bai nemi shawarar kowa ba. Yaron yana da shekara goma sha biyar. Aka yi musafaha, ba takarda, domin doka ba ta yarda da sa hannu ba sai a ajin ƙarshe.

Kowa ya san irin wannan alkawari ba ya ɗaure kowa. Masu wayo kan amsa, su ci gaba da ziyartar wasu jami'o'in. Kocin sakandaren ya faɗa wa Lemuel haka, Odessa matar tsohon ma ta faɗa.

“Tsoho, tsohuwar motarka sai da ka zaga gari kafin ka saye ta, amma jika ka sallama wa mai zuwan fari?”

“Yaro ba mota ba ne. Magana zarar bunu ce.”

Masu zawarcin yaron suka yi ta zuwa daga jami'o'in nesa, yana sallamar su tun daga matakala, cikin ladabi, ko ruwa ba su zauna sun sha ba. Abokin Tavion kuwa, Kendarius, wanda ya yi ta sauya alkawari, Lemuel ya raɗa masa suna Hawainiya.

Da kakar wasa ta ƙarshe ta ƙare, jami'ar ta kori Harlan. Magajinsa ya zo da nasa yaran, bai ma kira gidan ba. Ta bakin kocin sakandare aka ji cewa ba gurbi. Lemuel ya haɗiye girmansa ya bi waɗanda ya kora da waya. Duk gurabensu sun cike. Ɗaya ya tuna shi, ya tambayi lafiyar barandar.

Yanzu ga Kendarius yana ɗaga wannan hula, ya ajiye, ya ɗauki waccan, zaure ya kaure da sowa. Tavion na tsaye a bayansa, ya fi kowa tafi.

Suka kama hanyar gida a mota har suka wuce coci. Lemuel ya ƙanƙame sitiyari. Ya so yaron ya yi fushi, ya ɗaga murya, ya ce masa ramuwar abin da aka hana shi ce ya nema da ƙafafun wani.

“Tavion,” ya ce, “ni ne na rufe maka ƙofofin nan.”

Yaron ya juyo, fuskarsa ba ko ɗigon zargi, ya dafa kafaɗar tsohon.

“Haba Kaka. Ai ba mu muka saɓa ba.”

Lemuel ya gangara gefen titi ya tsayar da motar, saboda ƙwalla ta hana shi ganin hanya.