Taku Ukun Malachy

Malachy Durkan direban taragon dawaki ne a Boston, ni kuwa kwandastansa. Shekara shida muna layin da ya bi ta ƙofar maƙabarta, kuma nan gizo ke saƙar.

Mu mutanen Mayo, can gida ƙetaren teku, a al'adarmu in ka yi kiciɓis da gawa, sai ka cire hula ka raka ta taku uku. Yawancinmu tun a jirgin ruwa muka yar da wannan, ban da gogan naka. Ko tarago ya cika maƙil, sai ya ja birki, ya sauka, ya yi ukunsa.

"Kai Malachy, ka ma san mamacin?"

"Sai na san shi? Rufe min baki."

Sufeton kamfaninmu, Whitcomb, ya ja masa kunne: ya ƙara, a bakin aikinsa. Ga 'ya'ya biyar, ga matarsa Honora da tsohon ciki. Malachy ya rantse ya daina.

Ran Talata sufeton ya hau taragonmu, agogo a hannu. Sai ga amalanke da akwatin gawa, ba mai rakiya sai tsohuwa ɗaya. Malachy ya kau da kai, ya kaɗa linzami. Ina! Biddy, goɗiyar hagu, ta tsaya cak. Shekara shida ai ta haddace karatunta.

"Na ce kada ka tsaya!" in ji Whitcomb.

"Ranka ya daɗe, ni ban tsaya ba."

Whitcomb ya fizge linzamin, ya yi tsawa, ya yi lallashi har da "haba 'yar gari". Biddy ko kunne ba ta motsa ba. Fasinjoji sai dariya.

"To me take jira?"

"Ukun, ranka ya daɗe."

"Sauka ka yi mata, maza!"

Malachy ya cire hula, ya jera da tsohuwar taku uku. Whitcomb ya rubuta a takardarsa cewa goɗiya ce ta yi gardama, ya sauka yana huci.

Na matso zan tsokani Malachy, sai na ga idonsa ya yi ja.

"Lokacin da Inna ta rasu ina nan ina jan birki," ya ce. "Wasiƙa ta ce mutum huɗu suka kai ta, sai wani baƙo mai wucewa da ya taka mata uku. Har yau ban san sunansa ba."

Ya mai da hularsa, Biddy ta ja.