Kafin Motar Auta Ta Iso

"Ka goge shi, na ce!"

Mai ɗinki ta faɗo ofishin ƙungiyar 'yan kasuwa ko sallama babu, zaren ɗinki manne a zanenta. Sakatare ya ɗago daga wayarsa, idanu jawur. Ya yi kuka, wannan ba ta musu ba, amma kukan bai hana yatsunsa aiki ba.

Da safen nan maƙwabcinta ya cika, dattijon da unguwa ke kira Mai Lasifika. Ya ƙarar da ƙarfinsa yana yawo da tsohuwar lasifika, yana hana a rushe rumfunan 'yan kasuwa, har kurkuku ya sha a kai. Ita ta ji tarinsa ya ɗauke ta bayan katanga, ita ta kira maza. Ita kuma ta buga wa 'yarsa Auta, da ke aikin jinya a wani gari, ta daure murya ta ce, "Jikin Baba ne ya ɗan motsa, ki taho." Auta ga tsohon ciki, ga hawan jini. Mai ɗinki so take yarinyar ta ji rasuwar a ɗaki, a zaune, da mai riƙe ta.

Ko likkafani ba a yanko ba, sai ga hotonsa ya cika wayoyi, hannu a dunƙule, a ƙasa an rubuta gwarzo ya faɗi.

"Hajiya, mutumin nan ba na gidansu kaɗai ba ne," in ji Sakatare. "Na talakawa ne. In muka yi sanya, waɗanda suka ɗaure shi za su riga mu, su ce nasu ne."

"'Yarsa tana mota, ba ta sani ba!"

Ya dubi wayar. "Wallahi ban yi tunanin wannan ba."

"Amma ka samu lokacin zaɓen hoto."

Ya goge hoton. Ya ce nasa dai ya tafi, sai dai jama'a sun riga sun kwashe.

Ta nufi tasha, zama ya gagare ta. Ta je bakin titi ta dawo, ta sayi ruwa ta manta shi a benci. Haushin yaron nan Sakatare take ji, tana kuma tausayinsa, abin da ya ƙara mata haushi ke nan. Ta kira Auta, wayar a kashe. Ta ce alhamdulillahi, caji ya ƙare, ba ta taɓa gode wa lalataccen batir ba sai yau.

Motar ta tsaya. Auta ta sauko a hankali, riƙe da ledar lemu, fuskarta a bushe.

"Gwaggo, ba sai kin faɗa ba."

Mai ɗinki ta riƙo hannunta. "Wayarki fa a kashe take."

"Wani ne a kujerar gaba ya duba wayarsa ya ce wani babban ɗan gwagwarmaya ya rasu. Duk muka ce Allah ya jiƙansa. Har da ni, Gwaggo. Sai aka riƙa miƙa wayar hannu zuwa hannu, har ta zo kaina."

"Sai kika yi yaya, 'yata?"

"Na miƙa wa na baya."

Auta ta zauna a benci, ta ɗora ledar a cinyarta. Lemu ɗaya ya silale, ya gangara ƙarƙashin motar, su biyun suna kallonsa.