Gefen da Katako Ya Ɗauka

Tun da aka sako Tahir daga tsare, Hashim bai je ya yi masa barka ba. Gidan ba shi da nisa, a unguwar Pumpumre yake, kuma kowane mai babur a Garwa zai kai mutum can kafin shayi ya huce. Da farko ya ce wa kansa bari cinkoson masu gaisuwa ya ragu. Ba a yi wani cinkoso ba. Daga baya ya ga jinkirin ya yi yawa, zuwan kansa ya zama abin kunya. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo bayanta.

Tahir ɗan kasuwa ne, yana safarar albasa da wake tsakanin Mora da Garwa. A shekarun da hare-hare suka tsananta a can arewa, aka tare motarsa a hanya, aka tafi da shi bisa zargin yana kai wa mutanen daji abinci. Ya daɗe a tsare, sannan aka sallame shi ba tare da an same shi da laifi ba. Sai dai zargin ya riga shi isowa gida. Waɗanda suka ci tuwo a kwano ɗaya da shi suka koyi duba wayarsu idan ya tunkaro. Hashim na cikinsu, ko da yake Tahir ne ya yi masa abokin ango.

Hashim yana da shagon hoto a bayan babbar kasuwa. A 'yan shekarun nan mutane sun daina son gilashi da firam, sun koma son a buga musu hoto a kan wani kyalle mai kauri da ake kira tuwal, a ja shi a kan katako mai kusurwa huɗu, a buga masa ƙananan ƙusoshi ta baya. Aikin yana da sharaɗi guda da mai kawo hoto ba ya sani: kyallen sai ya lanƙwasa ya rufe kaurin katakon, don haka kusan faɗin yatsu uku na kowane gefe ba ya fitowa a fuska. Idan sama ce ko bango a wurin, ba a yi asarar komai ba. Idan mutum ne, dole mai shirya hoton ya ƙara masa fili, ko ya zagaye hoton da wani launi, domin launin ya tafi gefe, mutum ya tsaya. Shi ya sa duk hoton da aka miƙo wa Hashim, kafin ya dubi na tsakiya sai ya dubi wanda ya tsaya a ƙarshe.

Alhaji Brahim, shugaban ƙungiyar masu sayar da hatsi da albasa, shi ya kawo tsohon hoton ranar da aka kafa ƙungiyar. Sun gina sabon ofis, manyan gari za su zo buɗewa, ana son hoton ya cika bangon zaure. Hashim ya gane shi tun kafin ya gama fitowa daga ambulan, domin shi ya ɗauke shi. Dattawa na zaune a kujeru, sauran na tsaye a baya. A can ƙarshen hagu ga Tahir, wanda ya yini yana jera kujerun, ya shigo layi a makare, ya ɗora hannu a kafaɗar na kusa da shi yana dariya.

Hashim ya yi bayanin gefen, ya ce zai zagaye hoton da ruwan ƙasa, ya dace da fentin zauren. Alhaji Brahim ya ce ba ya son zagaye, yana rage wa hoto kwarjini. Hashim ya ce to idan haka ne, na ƙarshen hagu zai tafi gefe. Alhaji ya daɗe yana gyara zaman hularsa.

"Ni ban ce ka cire kowa ba, Malam Hashim," in ji shi. "Kada gobe a ji an ce na sa an cire mutum. Ka buga shi ya cika, kamar yadda kake yi wa kowa. Abin da katako ya ɗauka, katako ne ya ɗauka."

Hashim ya ce to. Kalmar ta fita da sauƙin da ya ba shi tsoro.

Ya ɗauki hoton a na'ura, ya zauna gaban kwamfuta. Ya goge tabon ruwa da ya ci rigar wani dattijo, ya dawo da farin da ya koma rawaya, ya cike tsagar da ninki ya yi ta tsakiya. Da ya zo kan Tahir, ya share masa fuska da kulawar da bai yi wa shugaba ba, alhali ya san inda fuskar za ta ƙare. Sannan ya ja layin lanƙwasa. Layin ya bi ta kan kafaɗar Tahir daidai: jiki da fuska suka faɗa gefe, hannu kaɗai ya rage a gaba, kwance a kan kafaɗar wani, ba mai shi.

Ya daɗe yana kallon hannun nan. Duk wanda ya gan shi a bango zai tambaya na wane ne, kuma tambayar ce ba a so. Babu wanda ya ce masa ya taɓa shi. Alhaji bai ma lura da shi ba. Hashim ya kwafo shuɗin rigar maƙwabcin, ya shafe yatsun ɗaya bayan ɗaya, har kafaɗar ta koma kamar ba a taɓa dafa ta ba. Aikin ya yi kyau ƙwarai. Ya buga, ya bar tawada ta bushe, ya ja kyallen a kan katako da kansa, ya jingine shi a bango yana jiran masu ɗauka.

Washegari da hantsi, zafi ya fara tasowa daga kwalta, aka yi sallama a ƙofa. Tahir ne. Ya rame, furfura ta cinye gemunsa, amma tsayuwar tana nan. Ya ce katin shaidarsa ya ƙare, hoton kati yake so. Ya ce akwai masu hoto a unguwarsu, amma yara ne, suna sa mutum ya fito kamar wanda ake nema. Ya faɗi haka yana murmushi, Hashim kuwa ya kasa taya shi.

Suka gaisa kamar waɗanda suka rabu jiya: gida, iyali, zafi. Hashim ya jawo kujera gaban farin labule, yana ƙoƙarin tsayawa tsakanin baƙonsa da bango. Amma tuwal ɗin ya fi shi faɗi, kuma gefen hagunsa ne ke fuskantar ƙofa. Tahir ya tsaya. Ya fara duba fuskar hoton, yana kiran sunayen waɗanda suka rasu yana yi musu addu'a. Da ya kai ƙarshen layi, ya karkata kai, ya ga kansa a miƙe a kan kaurin katako, ido ɗaya a gefe, ɗayan ya zagaya baya wajen ƙusoshi. Ya sa yatsa ya shafa wurin.

"Ashe ka gyara mini fuska, mai hoto," in ji shi. "Ban kai haka kyau ba ranar nan."

Hashim ya fara bayanin kaurin katako da yadda kyalle ke lanƙwasa. Tahir ya saurare shi har ƙarshe, yana gyaɗa kai. Sannan ya dawo gaba, ya dubi kafaɗar mai shuɗiyar riga.

"Hannuna fa? A nan yake. Shi ma katakon ne?"

"A'a," in ji Hashim. "Wannan ni ne."

Fanka na juyawa a sama. Can waje wani mai kura yana ta neman a ba shi hanya. Hashim ya ce zai sake bugawa, zai sa zagayen ko Alhaji ya so ko ya ƙi. Tahir ya ce ya bar shi yadda yake. Idan ya sake, za su kai wa wani ya buga musu, su kuma daina gaishe shi, kuma shi Tahir ya san yadda wannan take, ba ya yi wa kowa fatanta. Bai faɗa da zafi ba. Ya zauna a kujera, ya gyara wuyan rigarsa, ya dubi kyamara.

Da hotunan suka fito, Hashim ya yanka su, ya sa a ƙaramin ambulan. Tahir ya karɓa, ya yi godiya, ya nufi ƙofa. Hanyar da ke fita titi ta bi ta gaban rumfunan albasa ne, inda 'yan ƙungiya ke zaune a kan buhuna a wannan lokaci, Alhaji Brahim a tsakiyarsu.

Tuwal ɗin na nan jingine, za a zo a ɗauke shi da yamma, kuma za a rataye shi yadda yake. Hashim ya zura takalmansa, ya jawo ƙofar shago.

"Koma, rana ta yi," in ji Tahir.

"Bari in taka maka."

Suka fito tare. Da suka iso rumfunan, hirar da ake yi ta yanke. Hashim ya ji ƙafafunsa na son su yi sauri. Ya rage tafiya ya daidaita da ta Tahir, ya yi wa mazauna sallama da murya a sarari, suka wuce zuwa bakin titi.