Kwanar Wankan su Eilif

Rani guda Torunn ta yi cikin wandon roba mai kaiwa ƙirji tana bin kogin garinsu. Ta auna zurfi, ta auna gudun ruwa, ta ɗebi tsakuwa ta tankaɗe kamar mai neman zinariya. Kamfanin lantarki mai dam ɗin can sama ne ya ɗauke ta aiki, don hukuma ta matsa masa lamba ya faɗi yawan ruwan da zai riƙa saki, yadda kifin da ake kira samon zai samu wurin zuba ƙwai, 'ya'yansa kuma su samu maɓoya. Duk abin da ta auna ta ɗura wa kwamfuta, har ta gina wani kogin a ciki, wanda take ƙara wa ruwa ko ta rage da yatsa ɗaya. Inda kifin zai so, taswira ta yi kore. Inda ba zai so ba, ta yi ja.

Ta ƙara ruwa, ta rage, ta sake ƙarawa. Wuri ɗaya ne ya ƙi sauya launi, kore shar: kwanar kogin da ke bayan wani ɗakin tururi na katako. Torunn ta dafe kai. Nan ne mahaifinta Eilif da abokansa suke wanka duk Asabar da safe. Sai su zauna cikin tururi har su yi jawur, su fito tsirara a guje su faɗa ruwan sanyi suna kururuwa. Tun tana yarinya Eilif ne shugabansu, kuma ba zaɓensa aka yi ba.

Ta same shi a kicin yana yanka cuku mai ruwan ƙasa a kan wafel, wainar fulawa irin tasu. Sai da ta bari ya zuba mata kofi.

"Baba, daga Oktoba har bazara, ba ku ba kwanar nan."

"In ji wa?"

"In ji lissafi. Tsakuwar wurin da zurfinsa da gudun ruwansa, duk abin da kifin ke nema ne. Ya binne ƙwai, ku ku zo ku tattake."

"Kwamfutar taki ta taɓa jiƙa ƙafa? Tun kafin a haife ki nake shiga ruwan nan, ban taɓa ganin ko jelar kifi ba."

"Ai cire tabarau kake yi kafin ka shiga. Kuma Baba, da ni kifi ce na hango ku tafe, teku zan koma."

Eilif ya janye farantin wafel daga gabanta.

Ranar Asabar ta riga su. Ta tsaya a gefen ruwan, ta riƙe bokiti mai gindin gilashi, irin wanda ake leƙa ƙarƙashin ruwa da shi. Ƙofa ta buɗe, tururi ya turnuƙe, sai ga tsofaffi a guje, Eilif a gaba. Suna ganinta suka ci birki, na baya ya yi karo da na gaba. Oddvar mai tarakta ya kare kansa da hannu biyu. Gudmund, faston da ya yi ritaya, ya wawuri ludayin zuba ruwa.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji Torunn. "Duba ƙananan halittu sana'ata ce."

"'Yarka ba ta da kunya, Eilif!" in ji Oddvar.

"Uwarta ta biyo. Ke, ba ni abin nan mu gama, sanyi nake ji."

Ta miƙa masa tabaransa da ta ɗauko daga gida, ta nuna masa inda zai taka. Ya sunkuya ya danna bokitin cikin ruwa, ya juya wa jama'a abin da ba su roƙa ba. Sai ya ƙura ido.

Ga macen kifi ta kwanta a gefe ɗaya tana kaɗa jela, tsakuwa na tashi, rami na buɗewa. Kusa da ita wani ƙaton namiji mai lanƙwasasshen baki yana gadi, duk wanda ya matso ya kore shi. Can bayan wani dutse kuma ɗan ƙaramin kifi, bai wuce tsawon yatsa ba, ya lafe.

"Wannan ɗan mitsitsin fa, me yake jira?"

"Namiji ne shi ma. Jira yake ƙaton ya juya baya."

"A'a!" Eilif ya ƙara dannawa. "Kai! Ya shige! Wallahi ya shige ya fito, ƙaton bai sani ba!"

Nan take aka hau kokawar bokiti. Da ya zo hannun Gudmund ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya ce da ya san haka ake yi a ƙarƙashin garin, da ya riƙa yin wa'azi da ƙarfi.

Eilif ya fito daga ruwan a kan yatsun ƙafa, leɓɓansa sun yi shuɗi. Bai ce ta yi gaskiya ba, ita ma ba ta sa rai ba. Ya ɗaura tawul ya ce, "Tunda kin iya nema wa kifi ɗaki, sai ki nema wa ubanki."

Da yamma ta zauna da su gaban kwamfuta suna faɗa tana shigarwa. Zurfi ya kai ƙirji. Ruwa mai tafiya a hankali, saboda gwiwar Oddvar. Ƙasa yashi. Ita kuma ta ƙara da cewa wurin ya zama kusa da titi, yadda motar asibiti za ta iya zuwa. Kogin duka ya yi ja, sai ɗigo ɗaya kore, daidai ƙasan maƙabartar coci.

"To, an rage wa masu ɗaukarmu wahala," in ji Gudmund.

Eilif ya yi rantsuwa cewa da gangan ta yi. Ta ce ya zo ya duba lissafin da kansa, ya ce ba zai duba ba.

Kafin sati ya zagayo Oddvar ya ja ɗakin tururin da tarakta ya dire shi a gindin katangar maƙabarta. Torunn ta miƙa aikinta, aka umarci kamfanin ya ƙara ruwan da yake saki lokacin sanyi, kamfanin ya yi ta gunaguni, ya saki.

Matan ƙungiyar waƙa, waɗanda ke gwaji a coci duk Asabar da safe, suka kai ƙara wurin sabon fasto cewa tagoginsu na kallon sabon wurin wankan. Ya ce abu mai sauƙi ne, a mayar da gwajin Alhamis. Aka kaɗa ƙuri'a, ba a samu ko hannu ɗaya da ya zaɓi Alhamis ba.