Ranar da Aka Saka Gulmata a Kiɗa

Jikata kiɗa take yi, amma kada ku sa ran jin ganga ko waƙa. Ranar da ta fara kunna mini shi sai da na tashi na duba firij, na ɗauka shi ne zai mutu. Wani gurnani ne mai tsawo, kamar iska ta shiga bututu ta rasa hanyar fita, can ƙarƙashinsa kuma wani abu yana dum, dum, dum, kamar zuciyar mai hawan jini. Ta ce sunansa ambiyan, wai da ɗan tekno a ciki. Na ce to Allah ya ba shi lafiya.

Uwar Wayoyi muke kiranta a gida, saboda ɗakinta ba wurin taka ƙafa. Komai sai ta naɗi sautinsa: famfo mai ɗiga, ƙofar banɗaki, injin wanki. Sai ta zuba a kwamfuta ta ja shi kamar roba, har famfo ya koma kukan wani abu da ba ka so ka haɗu da shi a hanya.

Wata rana da hantsi ta ajiye 'yar na'urarta a gabana.

"Kaka, ki yi magana. Muryarki nake so, tana da tsatsa."

"Ubanki ne mai tsatsa. Me zan ce?"

"Duk abin da ya zo bakinki," in ji ta, ta fita sayen kati.

Abin da ke bakina kuwa ya daɗe yana ƙona mini harshe. Ƙawata Mai Ɗinki, wadda muke maƙwabtaka tun muna amare har mazanmu suka rasu, ita ta ba ni shi amana, sai da ta sa na rantse. Wai agogon bangonta lafiyarsa ƙalau. Ita ce take juya batirin da hannunta, ta naɗe agogon a zani ta kai wa Mai Gyaran Agogo na bakin titi, don ya ba ta kujera da shayi su yi hira. Mace da jikoki. Ta ce in maganar ta fita, kunya za ta kashe ta.

Na dubi na'urar nan. Na ce ai inji ba mutum ba ne, rantsuwata ba ta shafe shi ba. Na zauna na zazzage mata komai, har da kwaikwayon yadda ƙawata take rausaya wuya in ta ce, "Malam, ya sake tsayawa."

Na manta da zancen, sai ga Uwar Wayoyi da albishir. Za ta kunna kiɗanta wa jama'a ranar Asabar da yamma a wani tsohon sito, kuma muryata ce a tsakiya. Ta gayyaci Mai Ɗinki ma, don ita ta ɗinka baƙaƙen labulayen da za a rufe tagogi.

"Ki goge," na ce.

"Kaka, na ja muryar. Ba wanda zai gane ko kalma ɗaya. Ni kaina ban saurari abin da kika ce ba."

"Ban yarda ba."

Ta ɗora mini abin saurare a kunne don in ji da kaina. Kafin a zo wajen muryata barci ya kwashe ni. Da na farka kunya ta hana ni cewa a maimaita, na ce mata ya yi daɗi.

Ranar Asabar muka tafi tare da ƙawata, tana ta ba ni labarin surukarta. Cikin siton duhu ƙirin, sai wata jar fitila a can gaba inda jikata ta sunkuya kan injinanta. Matasa zaune a ƙasa, ido a rufe, ba mai rawa, ba mai murmushi, kamar masu jiran sakamakon asibiti. Mu tsofaffi aka ba mu kujeru.

Gurnanin ya fara. Yana ƙaruwa har kujera ta soma rawa a ƙarƙashina. Sai ga muryata. Gaskiya ba ta yi kama da ta mutum ba, sai ka ce saniya ta faɗa rijiya. Amma ni na san inda na hau da inda na sauka. Na ce a raina, nan ne agogo. Nan ne zani. Yanzu za a zo kan batiri. Kuma tunda ni ina ganewa, na tabbata ƙawata ma tana ganewa, matar da ta san tarina a cikin kasuwa.

Na yi tari, kiɗan ya haɗiye shi. Na ja kujera, ba wanda ya ji. Na saci kallonta, na ga ta ƙura ido gaba, baki a tsuke. Na ce shi ke nan, ta gane, gara in riga ta. Na matsa kusa da kunnenta na ɗaga murya iya ƙarfina don in rinjayi ƙarar.

Abin da ban sani ba, irin wannan kiɗan yana da wata ɗabi'a. Sai ya kumbura ya kumbura, sannan ya ɗauke ɗif, wai don mutane su saurari shiru. A cikin wannan shirun sito guda ya ji ni.

"Ƙawa, wallahi ban ce kina juya batiri don ki je shan shayi wajen Mai Gyaran Agogo ba!"

Mai Ɗinki ta juyo a hankali.

"Ni saniya na ji tana nishi," ta ce. "Ashe ke ce."

Sai wani ya yi gyaran murya a bayanmu. Mai Gyaran Agogo ne. Ashe jikata ta naɗi ƙarar agogunan shagonsa, shi ma an gayyace shi.

"Baiwar Allah, ai na daɗe da sani," ya ce da ita. "Kullum batirin a juye yake zuwa. Me kike tsammani ya sa nake ɓata rabin yini a kan aikin ɗan yatsa?"

Matasan suka ɗauka duk cikin shirin ne, suka yi tafi. Dum, dum ya dawo.

Ƙawata ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Tana amsa gaisuwata, tana rage mini tsawon riga, amma in na ce, "Me ake ciki?" sai ta ce, "Lafiya." Ko labarin surukar ta daina ba ni.

Maganar aurenta da Mai Gyaran Agogo a bakin mai kwasar shara na ji ta. Ni, wadda a layinmu ko akuya ta yi atishawa sai na riga mai ita sani. Na saka takalmi a karkace na isa shagonta, na same ta tana taka keke.

"Ƙawa, yanzu ni ce ta ƙarshe a layin nan?"

Ba ta ɗago ba. Ta ciji zare ta tofar.

"A'a. Jaririn da aka haifa jiya a saman bene bai ji ba tukuna. Je ki faɗa masa."

Benen nan da tsawo, gwiwoyina kuma kun san halinsu. Amma na hau.